Ba masauki ba ne: me za mu kira "reasonable accommodation"?

1. Jama'a, ku taya ni. Ina fassara wani rahoto kan hukuncin da Kotun Ƙolin Amurka ta yanke a watan Yunin 2025, shari'ar wata yarinya a jihar Minnesota mai fama da farfaɗiya mai tsanani. Ba ta iya karatu da safe, iyayenta suka nemi a riƙa koya mata da yamma, makaranta ta ƙi. Alƙalai tara duk suka ce in ɗalibi ya kai ƙarar makaranta kan nuna bambanci, ba za a ɗora masa nauyin hujja fiye da na sauran naƙasassu ba. Kalmar da ta tsaya mini a wuya ita ce "reasonable accommodation".

2. Na taɓa ganin an rubuta "masauki mai kyau". Kuskure ne, kuma ya fi ruɗarwa a dokar gidaje, inda ake maganar haya. A Dokar Adalci a Gidaje ta Amurka ta 1968, wadda aka sa naƙasassu cikinta a 1988, nufin kalmar shi ne a sauya ƙa'ida saboda lalurar mutum. Gida ya hana kiwon kare, makaho ya zo da karen da ke masa jagora, dole a bar shi.

3. Ga misalin da ya fi zauna mini. Wata mata a New York, ciwon jijiya ya sa tafiya na mata wuya. Ginin da take yana da layin masu jiran wurin ajiye mota, wasu sun shekara da shekaru suna jira. Ta ce a ba ta wuri yanzu, aka ce ta bi layi. A 1995 kotun ɗaukaka ƙara ta ce a ba ta. Ba a gina mata komai ba, layin kawai aka tsallake da ita.

4. To wace kalma? "Alfarma" na ƙi ta nan take, domin roƙonta ake yi, mai yi kuma yana iya fasawa. Wannan haƙƙi ne, wanda aka hana yana zuwa kotu. "Rangwame" na kasuwa ne. "Sassauci" ya kusa, amma kunnena yana jin sa a bakin mai laifi gaban alƙali, ita kuwa matar nan ba ta yi laifin komai ba.

5. Na tsaya kan "sauƙaƙawa". Mun san ta tun daga makarantar allo: wanda ba ya iya tsayuwa ya yi salla a zaune, sallarsa cikakkiya ce, ba wanda ya yi masa alfarma.

6. Ɗaya rabin kalmar kuma, wato "reasonable", na ce "daidai gwargwado", don dokar ba ta tilasta wa mai gida abin da zai karya shi ba. Na guji "gwargwadon hali", kada ya ce iya halinsa ke nan.

7. Fasa bango ko zuba gangara don keken guragu wannan "gyaran gini" ne, dokar ta raba shi da sauƙaƙawa, kuma a gidan haya na 'yan kasuwa galibi ɗan haya ke biya.

8. Ga yadda na sa a fassarar: "Iyayen sun nemi makaranta ta yi wa 'yarsu sauƙaƙawa daidai gwargwado." Lauyoyinmu da masu aiki da dokar naƙasassu ta Najeriya da aka sa wa hannu a 2019, ya kuke faɗar ta in kuna yi wa mutum bayani da Hausa?