Hawan Kilimanjaro: kwana 6 ko kwana 8?

Sarkin_Gudu:

Assalamu alaikum jama'a. Ni da abokina mun ƙudurta hawa dutsen Kilimanjaro a watan Satumba in Allah ya yarda. Tunda dokar Tanzaniya ba ta barin kowa ya hau ba tare da ɗan jagora mai lasisi ba, muna magana da wani kamfani a Moshi, garin da ke gindin dutsen, kuma sun ba mu zaɓi biyu: hanyar Machame kwana 6, ko hanyar Lemosho kwana 8. Duka a tanti ake kwana. Bambancin kuɗin ba kaɗan ba ne, don hukumar gandun dajin da dutsen yake ciki tana karɓar dala ne a kan kowace rana da kowane dare, ga kuma ladan 'yan dako.

Ni dai ina ganin kwana 6 ya ishe mu. Ba yabon kai ba, kullum da asuba ina gudu, ina buga ƙwallo, ban san haki ba. Abokina ne ya kafe sai takwas. Waɗanda suka taɓa zuwa, don Allah ku raba mana gardama.

Tsohon_Matafiyi:

Wa alaikumus salam ƙanina. Abokinka ya fi ka gaskiya. Gudun asuba zai taimaki ƙafafunka, amma a kan wannan dutsen ba ƙafa ce ke fara gazawa ba, jini da huhu ne. Ƙololuwar dutsen, wadda ake kira Uhuru, tana mita 5,895, kuma a can kowane numfashi da ka ja kusan rabin iskar da ka saba samu a bakin teku yake kawo maka. Jiki yana iya sabawa da hakan, amma da kwanaki yake sabawa, ba da ƙarfin damtse ba. Ni matasa majiya ƙarfi ma na fi tausayawa, don su ne ke wuce kowa a dajin ranar farko suna dariya, ranar huɗu kuma ka tarar da su a bakin tanti sun dafe kai, an kawo abinci sun kawar da fuska.

Duba yadda Machame take. Za ka tashi daga ƙofar shiga gandun a wajen mita 1,800, daren farko ka kwana kusa da 3,000, na biyu a Shira wajen 3,800. Rana ta uku ita ce mai hikima: a hau da kai Lava Tower, mita 4,600, ka ci abincin rana a can kanka na sarawa, sannan a gangaro da kai Barranco ka kwana a ƙasa da 4,000. Da gangan aka tsara haka, a nuna wa jiki sama, a bar shi ya yi barci a ƙasa. Inda kwana 6 ke cutar mutum shi ne washegari. Ka hau katangar Barranco da hannu da ƙafa, ka wuce sansanin Karanga ba ka kwana ba, ka isa sansanin Barafu da la'asar a gajiye, a mita 4,600 da wani abu. Ka ɗan runtsa, in ma barcin ya zo, tsakar dare a bubbuga tantinka a ce a tashi.

Wannan daren kuwa ba ya kama da sauran. Ba abin da kake gani sai dugadugan na gabanka a cikin hasken tocilan ta goshi, da jerin fitilu can sama waɗanda za ka rantse taurari ne. Ƙasar tsakuwa ce mai zamewa, ka taka ta ja ka baya. Awa 6 zuwa 8 kafin ka kai Stella Point a bakin ramin dutsen, daga nan kusan awa guda zuwa Uhuru, sannan a ranar dai za ka gangaro har sansanin Mweka. Mutumin da ya shiga wannan da bashin barci da jikin da bai gama sabawa ba, sai dai Allah ya kiyaye. Sannu ba ta hana zuwa. Ku ɗauki takwas ɗin.

Malamar_Jinya:

Baba ya gama magana a kan kwanaki, ni ɓangaren lafiya zan taɓa. Ciwon kai, tashin zuciya, rashin cin abinci da barci mai yankewa, kusan kowa yana ɗanɗanar wani abu daga ciki, kuma yawanci hutu da ruwa suna kwantar da shi. Wanda ba a wasa da shi: mutum yana zaune amma yana haki, ko tari mai kumfa, ko tangaɗi in an ce ya bi layi miƙe, ko ya fara magana ba kan gado. Wannan ruwa ne ya taru a huhu ko ƙwaƙwalwa ta kumbura, kuma maganinsa sauka nan take, ko da ƙarfe biyun dare ne. Kamfanin kirki yana ɗaura muku ɗan na'ura a yatsa kowace yamma don auna iskar jini, ya yi muku tambayoyi. Kada ku ɓoye wa jagora komai don tsoron a mayar da ku, kuɗin ba su kai rai ba.

Akwai ƙwayar Diamox da ke taimaka wa jiki saurin sabawa. Tana sa yawan fitsari da jin kamar kiyashi na yawo a yatsu, kuma likita ne zai ce ta dace da kai ko a'a. Sai abin da ban ga kamfanonin suna yawan tambaya ba: ku biyun kun san rukunin jininku, AA ne, AS ko SS? Mai sikila bai kamata ya kusanci irin wannan tsayin ba. Mai AS ma, duk da lafiyarsa ƙalau a ƙasa, ƙarancin iska a sama yana iya taɓa masa saifa. Ku ga likita kafin ku biya ko sisi.

Ɗan_Kasada:

Da girmamawa ga Baba, ni Machame ta kwana 6 na bi kuma na kai har allon da ke ƙololuwa, ga hoto a waya. Don haka ba a ce ba ta yiwuwa ba. Amma in aljihu ne matsalar, me ya hana ku tambayi Machame ta kwana 7? Hanya ɗaya ce, sai dai ana kwana a Karanga, ka isa Barafu da rana tsaka ka miƙe ƙafa kafin daren hawa. Kwana ɗaya kawai za ku ƙara biya, kuma daidai wurin da ya fi ciwo aka saka shi. Lemosho ta fi kyan kallo da ƙarancin cunkoso a farko, amma daga wajen Lava Tower duk hanya ɗaya kuke bi.

Sarkin_Gudu:

Na gode ƙwarai Baba, na gode Hajiya. Ni AA ne, abokina kuma zai je a duba shi gobe. Ɗan'uwa, na tura wa kamfanin saƙo a kan ta kwana 7 ɗin. Saura batun sanyi: dole sai mun sayi komai, ko ana samun haya?

Tsohon_Matafiyi:

Bakwai ɗin ban ƙi ba, shida ce dai ban yarda da ita ba. Jakar barci, babbar rigar sanyi da sandunan tafiya duk ana haya a Moshi, ka dai duba zif ɗin kafin ka karɓa. Takalmi kam saya naka tun yanzu, ka yi ta yawo da shi har ya saba da ƙafarka. Daren hawa sanyi yana iya wuce digiri 10 ƙasa da sifili, don haka ka kifa gorar ruwanka a jaka baki na kallon ƙasa, tunda daga sama ƙanƙara ke fara kamawa. Waya da batir su kwana tare da kai cikin jakar barci. Robar ruwa ta sha-ka-yar ba a barin ta wuce ƙofa.

Ka kuma tambayi kamfanin 'yan dako nawa za su bi ku da nawa ake biyan su. Ƙa'ida ita ce kada kayan mutum ɗaya su wuce kilo 20, kuma ana aunawa a ƙofa. In farashi ya yi araha fiye da kima, a jikin waɗannan bayin Allah aka rage. Ku ware musu tukwici daban tun daga gida, ranar saukowa ku miƙa wa kowa nasa hannu da hannu.