An yi wa Baba aikin huhu, har yanzu kwalbar tana kumfa

Mai tambaya: Assalamu alaikum 'yan uwa, a taimake ni da shawara. An yanke wa Babanmu sashen sama na huhun dama. Shekaru muna fama da shi kan taba, ya bari ya koma, har Umma ta gaji da magana, sai bara ya daina. Yanzu an wuce sati robar da aka sa masa a ƙirji don fitar da iska da ruwa zuwa cikin kwalba tana nan, da ya yi tari sai ruwan kwalbar ya hau ɓulɓul. Likita ya ce iska ce ke yoyo daga huhun, yana so ya sa masa ɗan bawul na Heimlich a bakin robar maimakon kwalbar, a sallame mu da robar. Na ce ban yarda ba. Na kuma hana Baba tari da yawo kada ɗinki ya buɗe.

Tsohon nas: Wa alaikis salam. 'Yata, hana shi tari kuskure ne, majina za ta taru ta jawo masa nimoniya. Yoyon da ya wuce kwana 5 shi ake kira mai daɗewa, kuma huhun mai shan taba ya fi jinkirin haɗewa. Bawul ɗin yana fitar da iska, ba ya barin ta koma. Ki karɓa.

Wata 'yar uwa: Kada ki yarda! Haka aka sallami mijina, kwana biyu wuyansa ya kumbura, in ka taɓa sai ka ji ƙaras-ƙaras. Da muka koma ko kallonmu ba su yi ba.

Wani memba: Ku matse robar da dare ya samu barci.

Tsohon nas: Kul! Iskar za ta taru ta danne huhu da zuciya, yana iya kashe shi. Kwalbar ma kada ta hau sama da ƙirjinsa. In yoyon ya ƙi, akwai dabarar ɗibar jininsa a zuba ta robar ya toshe wurin. Ki tambayi likitan.

Mai tambaya: Na ji, malam nas, amma ni nake kwana da Babanmu, ni nake ganin yadda yake murtuƙe fuska in ya yi tari. Gida kuma wa zai duba robar?

Wata 'yar uwa: Shi ne fa.

Tsohon nas: Kumfar tana raguwa ko ƙaruwa? Tun ɗazu ba ki faɗa ba.