Farar shadda a rana tsaka: yadda hawan Sallah ya kasance wa masu kyamara

Sabon hannu, Ƙofar Marusa
Assalamu alaikum. Bana ne na fara fita hawan Sallah da kyamara. Tun hantsi na samu wuri kusa da Ƙofar Soro, wato ƙofar fadar Sarkin Katsina, na yi ta ɗauka har memori ya cika. Da na buɗe a kwamfuta sai gabana ya faɗi. Inda babbar riga ta fito da kyau, fuskar mahayi baƙi ƙirin kamar a cikin zaure yake. Inda fuska ta fito, rigar ta koma farar takarda, aska takwas ɗin da ke ƙirji ko alamarta babu. Iyayen gidana, ku yaya kuke yi?

Tsohon mai situdiyo, Ƙofar Ƙaura
Wa alaikumus salam, ɗana. Ka ci sa'a ma, kyauta ka koyi naka. Mu a zamanin fim, hoto 36 ne a nadi guda, sai an wanke kake sanin ɓarnar da ka yi. Ma'aunin hasken kyamara duk abin da ya gani so yake ya mayar da shi ruwan toka, wanda ke mayar da kusan kashi 18 cikin ɗari na haske. Da hakimi ya cika maka gilashin gaban kyamara da farar riga da farin rawani, sai kyamarar ta ɗauka haske ya yi yawa ta rage, fuska ta nutse. Da ka juya kan dogarai da jajayen kayansu, sai ta sake lissafi. Ni ban barin ta ta yi mani lissafi. Da hannu nake saitawa: rana tsaka f/16 (faɗin kafar da haske ke shiga), ISO 100 (ƙarfin jin hasken kyamara), shata (tsawon lokacin da haske ke shiga) kusan 1/125 na daƙiƙa, daga nan in ƙara ko in rage. Muddin rana ba ta sauya ba, ban taɓa saitin.

Mai ɗaukar biki, Daura
Baba, a gafarce ni, 1/125 ai sai dokin da ke tsaye. A Hawan Magajiya na gwada, da aka zo sukuwa ƙafafun dawakin duk suka narke. Yanzu ba na sauka ƙasa da 1/1000, sai in ƙara buɗe kafar haske zuwa f/5.6, hasken ya zo kusan ɗaya da naka.

Kai kuma ƙanena, rigar za ka ceta, ba fuskar ba. Farin da ya ƙone ya tafi ke nan, amma inuwa ana iya tado ta. Akwai saitin da ke sa wurin da ya ƙone ya riƙa ƙyaftawa a allo. Kunna shi, ka yi ta rage haske har ƙyaftawar ta bar rigar. Kuma ka ɗauka a RAW, wato ɗanyen fayil ɗin da kyamara ba ta sarrafa ba. JPEG, hoton da kyamara ta riga ta sarrafa ta matse, bit 8 ne, RAW kuwa 12 ko 14, wato ya fi riƙe bayanan haske, shi ya sa yake jure gyara. A Lightroom, manhajar gyaran hoto, nakan sauke haske mai ƙarfi, in zagaye fuskar ita kaɗai in ɗaga ta. Sai dai a yi hankali. Na taɓa ɗaga fuskar wani dattijo fiye da kima, iyalinsa suka ce wannan ba babansu ba ne, wai na yi masa bilicin. Har yau in na tuna kunya nake ji.

Ɗan Sabuwar Unguwa
Ni dabarar filasha na kawo, don ta cike inuwar da rawani da amawali ke yi wa fuska. Abu biyu suka same ni. Kyamarata ba ta yarda da filasha in shata ta wuce 1/200, sai haske ya yi yawa, hoton ya yi fari fat. Na biyu, na matsa kusa na haska wani doki a ido, ya zabura, wani dogari ya ɗaga mani bulala. Ban ƙara ba. A ɗaurin aure dai tana aiki.

Tsohon mai situdiyo
Ɗiyata ta Daura ta yi gaskiya, na karɓa. Mu hakimai muke jira su tsaya.

Direban da hoto ya zame wa jaraba
Ba wanda ya ambaci ƙura. Ranar Hawan Bariki na canza gilashi a tsakiyar taro, 'yan bindiga na ta harbi, hayaƙi da ƙura sun turnuƙe. Duk hoton da sama ta fito a ciki, ga ɗige-ɗige baƙaƙe a wuri guda na ƙurar da ta shiga cikin kyamarar, kuma a f/16 ɗin Baba suka fi fitowa. Kwana biyu ina goge su. Yanzu gilashi ɗaya nake ɗaurawa tun daga gida. Ina dawowa in kwafe komai wuri biyu, folda da shekara da wata da rana, kafin in goge memori. In za ku tura ta WhatsApp kuma, ku tura a matsayin fayil, in ba haka ba zai matse hoton.

Sabon hannu
Na gode ƙwarai. Na duba, ashe duka JPEG na ɗauka. Shi ke nan sun tafi?

Mai ɗaukar biki
Masu farar riga da ta ƙone, ka haƙura. Masu duhun fuska kada ka goge ko ɗaya.

Tsohon mai situdiyo
Kawo memorin shago bayan La'asar mu duba tare. Ka zo da kyamarar, akwai farar rigata a rataye, sai mu fita rana ka gwada a kanta.