Sabuwar Prado a kan hanyar Kano zuwa Abuja: ina neman shawarar waɗanda suka riga ni

Direba daga Kano:

Assalamu alaikum. Shekara goma sha ɗaya na yi ina tuƙa wa maigidana tsohuwar Prado, ƙirar da aka fara fitarwa a 2009, har sai da na san kukan injinta kamar yadda na san muryar 'ya'yana. A ƙarshen daminar da ta wuce ya sayi sabuwar, wadda kamfanin Toyota ya bayyana a watan Agustan 2023, mai injin fetur lita 2.4 da turbo (na'urar da take ƙara wa inji ƙarfi) da giya takwas, kuma zuwa yanzu na kai shi Abuja da ita sau huɗu, na dawo da shi.

Abin da ya fara burge ni shi ne ƙarfinta wajen wuce manyan motoci. A tsohuwar, idan zan sha gaban tirela sai na yi lissafi tun daga nesa, na ɗauko gudu, amma wannan da zarar na taɓa totur sai ta miƙe ba tare da wani nishi ba. Sitiyarinta na lantarki ne, yana da sauƙin juyawa ƙwarai, kuma da yake bodinta mai kusurwa ne, ina ganin ƙarshen bonet daga inda nake zaune. Sai dai wannan natsuwar tata ita ce ta fara ba ni tsoro. Ranar tafiya ta biyu, bayan mun wuce Kwanar Dangora, maigida yana barci a baya, jikina yana gaya mini cewa kilomita 100 nake yi, da na duba allo sai na ga 135.

Tambayata ta fi karkata ga na'urorin da suke taimaka wa direba. Tsakanin Kano da Zariya, inda kwalta sabuwa ce kuma farin layi ya fito sosai, ina jin sitiyarin yana gyara kansa a hannuna, yana mayar da ni tsakiyar layi, amma bayan an wuce Kaduna, a wuraren da ake karkatar da motoci su koma hannu ɗaya, wani lokaci ta yi ƙara, wani lokaci ta yi shiru. Shin haka abin yake ga kowa, kuma ya dace in bar su a kunne? Sannan maigida ya ce yana jin tsalle a kujerar baya fiye da yadda ya zata.

Bakanike daga Kaduna:

Wa alaikumus salam, Malam. Abin da ka bayyana haka aka ƙera ta, ba lalacewa ba ce. Akwai kyamara a saman gilashin gaba, bayan madubin tsakiya, ita ce take karanta farin layin da ke kan kwalta, akwai kuma rada a gaban motar wadda take auna tazarar da ke tsakaninka da abin da ke gabanka. Inda layi ya goge, ko aka yi sabon faci a kansa, ko aka karkatar da hanya alhali tsohon layin yana nan, kyamarar ba ta da abin dogaro, saboda haka ko dai ta saki aikin, ko ta yi maka gargaɗi a kan layin da babu mai binsa. Shawarata ita ce ka bar ta a kunne inda hanya take da kyau, ka kashe mai riƙe layin da zarar ka shiga wurin aiki, domin bai kamata kana kauce wa rami sitiyari yana jan ka zuwa wani gefen ba. Birkin gaggawa na atomatik kuwa kada ka kashe shi. Ga hunturu ya ƙarato, kuma hazo da ƙura suna rage wa kyamarar gani, don haka ka riƙa goge gilashin daidai inda take, da gaban motar, kafin kowace tafiya.

Game da tsallen da Alhaji yake ji, kafin a zargi shokazoba ka fara duba iskar taya. Masu faci da yawa idan suka ga babbar jif sai su ɗura mata iska kamar ta motar kaya. Ka buɗe ƙofarka, za ka ga takarda manne a jikin ginshiƙi, an rubuta adadin da ya dace da gaba da baya, kuma ka auna da safe tayoyin suna da sanyi, domin bayan tafiya zafi yana ƙara ma'aunin.

Abu na ƙarshe shi ne turbo, wanda bai san haƙuri irin na tsohon injinka ba. Yana son baƙin mai irin wanda littafin motar ya faɗa, a canza shi a kan kari, kuma matatar iska tana cika da wuri a ƙurar ƙasarmu. Idan ka tsaya bayan doguwar tafiya da gudu, ka bar injin yana aiki kamar minti ɗaya kafin ka kashe.

Tsohon direba daga Zariya:

Ɗana, bayanin da Malam bakanike ya yi maka ya wadatar a ɓangaren na'ura, ni kuwa maganar 135 ɗin nan ce ta tsaya mini a rai. Ƙa'idar hukumar kiyaye haɗurra ga motar gida a kan babbar hanya mai hannu biyu ita ce kilomita 100 a awa, a cikin gari kuma 50, kuma hanyar nan tamu tana ratsa garuruwa irin su Ƙura da Tashar Yari da Mararrabar Jos, inda masu talla da yara da 'yan acaɓa suke bakin kwalta. A gudun 100, motarka tana cinye kusan mita 28 a cikin daƙiƙa ɗaya, a 135 kuwa ta haura mita 37, sannan tazarar da birki yake buƙata ta kusa ninkawa. Motar nan ta fi tan biyu, kuma doguwa ce, idan ka fizgi sitiyari da ƙarfi a irin wannan gudu ba za ta yafe maka kamar ƙaramar mota ba.

Wata rana dab da magariba, kusa da Jaji, garken shanu ya hau mini kwalta daga bayan wata tirela da ta lalace a gefen hanya. Ban ga makiyayin ba, ƙurar da ta tashi na fara gani, na ɗaga ƙafa, kuma da na tsaya, ƙahon wata farar saniya bai fi taku uku daga fitilata ba. Ƙafata tana kusa da birki a lokacin, shi ya sa ni ban yarda da na'urar da take riƙe wa mutum gudu ba, domin tana koya wa ƙafa zaman banza. Ni da zan faɗa maka, ka bar ta a kashe.

Ɗan kasuwa daga Maraɗi:

Baba, da girmamawa, a nan na ɗan saɓa da kai. Tawa Pradon mai gas ce, wato dizal, lita 2.8, kuma ina yawan bin hanyar Maraɗi zuwa Yamai ta Birnin Ƙwanni da Dogon Dutsi da Dosso. Matsalar da ɗan'uwanmu ya kawo ita ce gudu yana ƙaruwa bai sani ba, kuma maganin wannan shi ne ya saita na'urar a kan adadin da yake so a inda hanya ta miƙe kuma babu jama'a, ita ce za ta hana shi haurawa. Tun da na fara yin haka na ga bambanci a man da nake sha, domin mota mai faɗin gaba irin wannan da iska take kokawa, kuma turjiyar iskar a gudun 120 ta fi ta 100 da kusan rabi. Inda na yarda da kai ɗari bisa ɗari shi ne dab da ƙauyuka da kuma bayan faɗuwar rana, lokacin da jakuna da raƙuma da amalanke marar fitila suke hawa hanya. A nan nakan kashe ta, ƙafata ta koma wurinta.

Direba daga Kano:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Yau da asuba na auna tayoyin kamar yadda Malam ya ce, na tarar kowace ta haura abin da aka rubuta a jikin ƙofa da kusan goma, na rage su, har da safayar da ke ƙarƙashin motar na duba. Ranar Alhamis za mu koma Abuja idan Allah ya kai mu, kuma niyyata in saita gudun a kan 100 daga bayan Ƙura, in riƙa sakinsa a kowane gari, in kashe mai riƙe layi bayan Kaduna. Baba, zan lura da ƙafata kamar yadda ka ce, kuma idan na dawo zan faɗa muku abin da maigida ya ji a kujerar baya.