Rawar hannun Baba ta tsaya, amma ya zama shiru-shiru

Assalamu alaikum 'yan uwa. Mahaifina na fama da cutar Parkinson, mai sa rawar jiki, kwanakin baya aka yi masa aikin DBS, wanda ake dasa siririyar waya a ƙwaƙwalwa da batir a ƙirji. Alhamdulillahi yanzu yana riƙe kofi ba ya zubarwa. Sai dai mutumin da ya saba cika gida da hira ya koma sai ya wuni a kujera, ko jikokinsa ba ya kulawa. In ya fara magana kalma ta maƙale masa. Na'urar ce? Mu kashe ta?

Maman Ilham: Wa'alaikumus salam. Don Allah kada ku kashe, ciwon zai iya dawowa da ƙarfi. Allah ya ba Baba lafiya.

Malamar jinya: 'Yar uwa, an rage masa magani bayan aikin? Nan nake zargi. In aka dasa wayar a gurbin da ake kira STN, likitoci kan rage levodopa da irin su pramipexole sosai, magungunan da ke cike giɓin sinadarin dopamine a ƙwaƙwalwa, ga shi dopamine ba motsin jiki kaɗai yake riƙe ba, har da sha'awar yin abu. A rage da sauri, sai mutum ya zauna komai bai dame shi ba. Wannan daban ne da ciwon damuwa, domin mai damuwa yana jin baƙin ciki, shi kuwa ko oho. Maƙalewar kalmomi kuma sananniya ce bayan aikin. Wani bincike a Amurka da aka wallafa a 2010, kan mutum 299, ya nuna STN da ɗaya gurbin, GPi, kusan ɗaya suke wajen gyara motsi, amma damuwa ta ɗan ƙaru ga masu STN. Likita na iya sauya saitin wutar ko ya daidaita maganin.

Mai tambaya: Ƙwarai, an rage kusan rabi.

Abu Hanif: Namu yayan akasin haka ya yi, bacci ya ƙaurace masa, sai surutu da kashe kuɗi barkatai, da aka rage ƙarfin wutar ya lafa. Ki raka Baba ganin likita da kanki, don in an tambaye shi "lafiya lau" zai ce.

Malamar jinya: Amma in kuka ji ya ce ya gaji da rayuwa, kada ku jira ranar da aka ba ku, ku kai shi asibiti a ranar.