2 Tone da Hausa: launi biyu ko kiɗan saƙi?

Salam jama'a, dan Allah ku taya ni neman wata kalma. Akwai wani kiɗa da ya tashi a Ingila a 1979, su suna ce mai 2 Tone, kwana uku ke nan ina juya shi na kasa samo mai sunan Hausa da zai zauna a baki.

Asalinsa ska ne na Jamaika, na ƙarshen shekarun 1950, kakan rege. Mutanen Jamaika da suka je Ingila neman aiki bayan yaƙin duniya na biyu sun tafi da fayafayansu, 'ya'yansu suka tashi unguwa ɗaya da 'ya'yan Turawa talakawa. To a Coventry, garin ƙera motoci da masana'antunsa suka fara durƙushewa, sai wani saurayi Jerry Dammers ya haɗa ƙungiyar The Specials, baƙaƙe da farare a dandamali ɗaya, suka tono tsohon kiɗan suka ƙara mai sauri da zafi, ya kuma buɗe kamfanin faifai da wannan sunan, su The Selecter da Madness da The Beat duk ta nan suka fito. Pauline Black ma mawaƙiyar The Selecter mahaifinta ɗan Najeriya ne.

To jama'a sun kawo shawarwari, bari in bi su ɗaya bayan ɗaya. Malam da ka ce "launi biyu", na gode, fassarar daidai take amma in ka faɗa sai mutum ya zaci atamfa ake ciniki ko fenti, kuma tana maƙwabtaka da fuska biyu, wannan kuma munafunci ne.

Shawarar "shinkafa da wake" kuwa 'yan siyasa sun riga sun ƙwace ta.

Yayana mai "gamin gambiza", a nan kam ban yarda ba wallahi, kuma ita ce ta fi taɓa ni. Dama abin da ke damuna ke nan, mutane da yawa yanzu kallon kiɗan casu suke mai, ƴar hula da matsattsiyar kwat da tsalle-tsalle shi ke nan. Alhali yaran nan a lokacin da ƴan National Front masu ƙin baƙar fata ke zuwa wajen wasansu suna ta da faɗa suke hawa dandamali tare, Lynval Golding mai kaɗa wa The Specials jita sai da masu wariyar suka far mai da duka a titi. A Yulin 1981 waƙarsu Ghost Town ta yi sati uku tana ta ɗaya a Birtaniya, tana maganar gari ya zama kufai ba aiki, daidai lokacin da ake tarzoma a Toxteth ta Liverpool da wasu garuruwan. A 1984 kuma Dammers ya yi waƙar neman a saki Mandela. Wannan ba gambiza ba ce, da gangan aka haɗa.

Sai ga Baba ya kawo "saƙi", Allah ya ƙara girma Baba, tun da na karanta na kasa zama. Saƙi dai zare baƙi da fari ne masaƙi ke sarƙawa ya fito da ƙananan gidaje kamar jikin zabo, kuma tambarin kamfanin nasu ma gidajen baƙi da fari ne a jere, ga shi in ka zare launi ɗaya ka ɓata tufar gaba ɗaya, abin da suke nufi ke nan. Kuma ku faɗa da baki ku ji, ska, saƙi, kamar ƴan gida ɗaya.

Wata ƴar'uwa ta ce ai zaren saƙi shuɗi ne mai duhu. Haka ne Anti, amma mu abin da ya sha baba a marina ya ƙoshi baƙi muke ce mai tun da can.

Ni dai na tsaya a kan "kiɗan saƙi", ska ɗin Jamaika kuma a bar shi da sunansa. Roƙona ɗaya, duk mai rubutawa ya daure ya sa ƙ mai lanƙwasa, don in aka rubuta "kidan saki" wani zai ɗauka kiɗan mutuwar aure ne.