Wane murjani ne ya cancanci tsakiyar tanki?

Ɗan Auta (Abuja): Assalamu alaikum, manyana. Tankina na ruwan gishiri mai cin lita 200 ya cika wata huɗu da haɗawa. Kifaye lafiya lau, duwatsu sun fara kama launi. Saura babban murjani guda da zan kafa a tsakiya, wanda ido zai fara sauka a kansa. Wani ya ce mini duk tankin da babu Acropora, murjanin nan mai ƙashi da rassa, a tsakiyarsa tankin kifi ne kawai. Haka ne?

Yaya Na-Jidda: Wa alaikumus salam. Ƙanina, bai yi maka ƙarya ba. Acropora na cikin manyan maginan tsaunukan murjani a teku. Shekara shida ina kiwonsa. Reshen da na saya bai kai ɗan yatsa ba, yau ya yi faɗin faranti, ƙananan kifi na shiga tsakanin rassansa su kwana. Murjani masu laushi kuwa ba su da ƙashi, ba sa gina komai.

Hajiya ta Kaduna: Alhaji, ban yarda ba. Kai kana inda wuta ba ta ƙiftawa. Ni ma na bi irin wannan shawara. A watan Afrilu aka ɗauke mana wuta kwana biyu, batir ya ƙare cikin dare, ruwa ya kai digiri 31. Naman Acropora ya riƙa saɓulewa daga gindi zuwa sama, kafin kwana uku sai farin ƙashi. Raina ya ɓaci ƙwarai, domin rai ne ya salwanta a hannuna. Sarcophyton da ke gefe, murjani mai laushi mai kama da laima, ya rufe bakunansa mako guda, sannan ya sake buɗewa. Har yau yana nan.

Yaya Na-Jidda: Allah ya mayar da alheri, Hajiya. Amma ai rashin shiri ne, ba laifin murjanin ba. Sola da na'urar sanyaya ruwa sun isa. Kuma murjanin arewacin Bahar Maliya an san shi da jure zafi.

Baba na Port Sudan: Na-Jidda, ɗana, teku daban, tanki daban. Na sha zuwa Sanganeb, tsaunin murjani a Bahar Maliya ta gefen Sudan, wanda UNESCO ta sa cikin wuraren gadon duniya a 2016, na ga Acropora ya bazu kamar faifai bisa faifai. Can ruwa ba iyaka, zafi a hankali yake hawa. Lita 200 a falo kuwa wuni ɗaya ya isa ta yi ɗumi. Kuma yawancin abin da ake sayarwa daga Indonesiya da Ostareliya yake zuwa, ba daga tekunmu ba.

Malamin Kimiyya: Bari in sa baki, don Ɗan Auta ya san abin da ake jayayya a kai. Murjani dabba ce, ba tsiro ba. Cikin namansa akwai wasu ƙwayoyin gansakuka da ido ba ya gani, su ke sarrafa haske su ba shi yawancin abincinsa. In zafi ya yi yawa sai ya kore su, shi ne farin da ake gani. A teku, ƙarin digiri ɗaya tak a kan zafin bazara da aka saba, in ya ɗauki makonni, ya isa ya jawo haka. Abin da ya sami babban tsaunin murjani na Ostareliya ke nan a 2016 da 2017, ya kuma maimaita a 2020 da 2022 da 2024. A tanki ana son digiri 24 zuwa 26, gishiri wajen 1.025, kalsiyam 400 zuwa 450, ma'aunin dKH kuma, wato yawan sinadarin kabonet a ruwa, tsakanin 7 da 9. Kai wa waɗannan lambobi ba wuya. Tsayawa a kansu kullum ita ce wuyar, kuma Acropora ba ya yafe hawa da sauka. Tankin wata huɗu bai gama zama ba tukuna.

Goggo Mai Ɗinki: Malam, Allah ya gafarta, ni jan murjani irin na sarƙar kakata na so gani a tankin yaron nan. Ba a samu?

Malamin Kimiyya: Goggo, wancan wani jinsi ne, Corallium rubrum, na tekun Bahar Rum. Yana zaune a kogunan ƙarƙashin ruwa da wurare masu zurfi da sanyi, ba shi da gansakukan nan, girmansa kuma na hankali ne ainun. Ba zai rayu a irin wannan tanki ba.

Ɗan Auta (Abuja): To Euphyllia fa, mai dogayen yatsun nan masu haske a baki? Na ga yana kaɗawa da ruwa, ya shiga raina.

Hajiya ta Kaduna: Yana da kyau, ɗana, kuma yana da ƙashi, don haka Alhaji ba zai ce ba magini ba ne. Sai dai mafaɗaci ne. Yakan miƙa wasu yatsu dogaye ya harbi duk murjanin da ya matso, dole ka bar masa fili kamar taƙi guda ko fiye ta kowane gefe. In famfo ya buge shi kai tsaye namansa kan yage a kan ƙashin, daga nan wata cuta mai kama da majina ruwan ƙasa ta shiga, ta cinye kai guda cikin kwana ɗaya ko biyu. Ga tsada. Tun da Indonesiya ta dakatar da fitar da murjani daga Mayun 2018 zuwa farkon 2020 kuɗinsa ya yi sama.

Yaya Na-Jidda: Hajiya, ki faɗi aibin naki ma. Sarcophyton yana sakin wani guba a ruwa da ke danne girman masu ƙashi. Ranar da yaron nan ya so Acropora, sai ya tarar laimar ta mamaye tanki.

Hajiya ta Kaduna: Gaskiya ne, ban ɓoye ba. Gawayin tace ruwa da sauya kashi goma cikin ɗari na ruwan duk mako suna rage wannan. In ya yi girma a yanka gefensa da reza mai tsabta a ba wani, ya warke. Kuma Ɗan Auta, in ka ga ya rufe ya yi sheƙi kamar an shafa masa kakin zuma, kada ka jefar. Saɓa yake yi.

Baba na Port Sudan: Ko wanne ka zaɓa, ka tambayi asalinsa. Duk murjani mai ƙashin dutse yana cikin jeri na biyu na yarjejeniyar CITES ta ƙasa da ƙasa kan cinikin halittun da ke cikin barazanar ƙarewa, ba ya ƙetare iyaka sai da takarda. Ka nemi reshen da aka raina a tanki ko a gonar teku. Ya saba da fitila, kuma ba a karya shi daga inda Allah ya dasa shi ba.

Yaya Na-Jidda: A kan wannan na bi Baba. Amma ina nan kan bakana: in tankin ya shekara, tsakiyarsa ta Acropora ce.

Ɗan Auta (Abuja): Na gode, manyana. Batirina awa shida yake ɗauka, na'urar sanyi kuma ban saya ba tukuna. Zan fara da Sarcophyton, in kafa shi a dutsen da ke ɗagawa don in iya matsar da shi. Yaya, zan riƙa rubuta zafi da dKH kullum, bayan zafin Afrilu in turo maka ka duba.